Ɗaure noti ba ƙira ba ne

'Yan uwa, a Ingila akwai masu ƙera ƙananan injinan tururi a gida, kuma mujallarsu, Model Engineer, ta fara fitowa tun 1898. Mutum zai sayi injin Stuart 10V, a aiko masa da ɗanyen zubin ƙarfe da zanen awo. Shi zai huda silinda, ya sassaƙe ta har faɗin raminta ya kai kashi 3 cikin 4 na inci, ya yi mata fistin daidai da ita.

Akwai kuma wanda aka gama sassaƙewa, ɗaure noti kawai ya rage. Ba mu hana kowa saye ba, kuɗinsa ne. Abin da muka ƙi shi ne ya ce ya ƙera. Ina ya ƙera? Bai san cewa fatar zubi tana da tauri da burbushin yashi ba, wadda in yankan farko bai shige ƙarƙashinta ba, kaifin aska ya tafi. Bai taɓa zarce awo ya ga tururi na tsiyaya ta gefen fistin, ya sake odar silinda daga aljihunsa ba.

Za a ce ai ba kowa ke da injin sassaƙa ba. Gaskiya ne, da tsada. To, ya ce haɗawa ya yi.