Awon Riƙon Ƙwayoyin Jini Da Ciwon Sikila

A wannan mako za mu duba wani awo da ba a yin sa da sikeli ko mudu, watau awon ƙarfin riƙon da ƙwayar sinadari guda ke yi wa 'yar'uwarta a cikin jiki.

A shekarar 1986 ne masana uku, Binnig da Quate da Gerber, suka ƙera wata na'ura mai siririn tsinke. Akan liƙa ƙwaya ɗaya a bakin tsinken, a taɓa wata da ita har su kama juna, sa'an nan a ja sannu a hankali. Gwargwadon lanƙwasar da tsinken ya yi kafin su rabu, shi ne ƙarfin riƙon. Da wannan dabara ce Hermann Gaub da abokan aikinsa na birnin Munich a Jamus suka auna riƙon wani sinadarin farin ƙwai da bitamin biyotin a 1994, suka sami kimanin fikonutan 160. Fikonutan ɗaya kuwa kamar a raba nauyin giram 100 ne gida miliyan sau miliyan.

Wani zai ce, to, mu ina ruwanmu? An ƙiyasta cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da ciwon sikila kowace shekara a Nijeriya. Azabar da ke kwantar da su tana tasowa ne sa'ad da ƙwayoyin jini suka manne wa bangon jijiya, suka toshe hanya. Ɗaya daga cikin sinadaran da ke haddasa mannewar shi ne P-selectin. A 2003 masana a Amurka suka auna riƙonsa, suka tarar ja matsakaici yana ƙara masa daɗewa ne, kamar zarge, sai jan ya yi yawa yake saki.

A 2019 Amurka ta amince da maganin crizanlizumab mai toshe wannan sinadari, amma a 2023 Tarayyar Turai ta janye izninsa, domin gwajin da ya biyo baya bai nuna yana rage tashin ciwon ba. Ashe dai da sauran aiki.

Abuja ba ta rasa masu iya aikin ba. Jami'ar Abuja tana da cibiyar binciken sikila, cibiyar NIPRD ta Idu ce ta haɗa maganin Niprisan daga tsirrai, kuma Farfesa Wole Soboyejo, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Galadimawa, ya yi irin wannan awo a kan ƙwayoyin sankarar mama.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya ta haɗa kan waɗannan cibiyoyi, ta tanadar musu na'urori da tsayayyen lantarki, domin a yi awon a kan jinin majinyatanmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.