A Bar Yaro Ya Ɗauki Hoton Tashar Ƙaura

Idan saurayi ya baro Kurya Madaro da sassafe, ya biya kuɗin mota daga aljihunsa, ya je Ƙauran Namoda ba don ciniki ba sai don ɗaukar hoton tsohuwar tashar jirgin ƙasa, abu biyu ne ke jiransa. Ko dai a yi masa dariya a ce ba shi da aikin yi, ko kuwa a tsare shi a tambaye shi wanda ya aiko shi. Na biyun ya fi haɗari, domin a ƙasar Zamfara ta yau, inda ɓarayin daji suka hana jama'a sakat, wanda aka gani yana ɗaukar hoton wuri da waya ba a rasa mai zarginsa da kai rahoto. Ba a ga laifin mai tsoro ba. Amma ya kamata a san abin da irin wannan yaro yake ƙoƙarin cetowa.

Dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura a 1929, nan ya tsaya, har yau kuwa Sakkwato ba ta ga jirgi ba. Wannan tsayawa ita ce ta ɗaukaka garin. Gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan da ke kewaye, a kan jakai da raƙuma, daga baya a cikin manyan motoci, duk Ƙaura suke nufa a auna a loda a tarago. Baƙi daga Kudu suka zo aikin reluwe da na kanti suka zauna. Dattijon da ya yi dako a tashar nan yana iya nuna inda sikeli yake, da inda kan jirgi ke shan ruwa zamanin da gawayi yake ci. To, dattijan nan ƙarewa suke yi, yau kuma da wuya a ji kukan jirgi a wannan reshe. Ƙarfen da aka bari ba mai tsaro kuwa, kowa ya san masu saye da kilo ba su barinsa ya kwana.

Abin da ya sami Ikko ya isa misali. A 1902 aka buɗe wani ɗan ƙaramin jirgi mai tururi da ke bin titunan birnin, yana haye gadar Carter zuwa tashar Iddo. A 1933 ya daina aiki ɗungum. Mai son ganin kamanninsa yau, sai dai ya nemi tsofaffin hotuna, da yawansu ma baƙi ne suka ɗauka. Jirgin Zariya zuwa Jos, mai siririn dogo, wanda aka rufe a 1957, ya fi shi sa'a kaɗan, don an adana wasu kawunansa a Jos. A Ebute Metta kuwa, ƙungiyar ƴan sa-kai mai suna Legacy ta gyara wani tsohon gidan ma'aikatan reluwe, watau Jaekel House, ta mai da shi ɗan gidan tarihi cike da hotuna da kayan aiki na da. Ba gwamnati ce ta fara tunanin ba, masu sha'awa ne.

Wani zai ce, mutanen da ke kwana da ido ɗaya, ina ruwansu da tsatsar ƙarfe? Maganar tana da nauyi. Sai dai yaron bai roƙi kwabon kowa ba, kuma ranar da za a zauna neman a farfaɗo da reshen Ƙaura, musamman tun da aka soma shimfiɗa sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, hoton da ke nuna gada da kwalbati da ginin tasha, da ranar da aka ɗauke shi, ya fi dogon jawabi amfani a gaban Hukuma.

Abin da ake bukata kaɗan ne. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta ba irin waɗannan samari takardar izini, hakimi ya sa hannu, domin ɗan sanda ko ɗan banga ya san da zamansu. Su kuma samarin su kiyaye: kada su ɗauki hoton jami'an tsaro, kada su taɓa ko ƙusa ɗaya, su rubuta sunan wuri da kwanan wata a kan kowane hoto, su nemi yardar dattijo kafin su naɗi muryarsa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura tun 1983 tana da ɗakin karatu. Ta ware kabad ɗaya da kwamfuta ɗaya ta karɓi kwafin hotunan, domin waya takan faɗa ruwa, takan kuma ɓata a kasuwa.