Wa Ya Amsa Wa Batman Tambayoyin?

Akwai wani hukunci da ke yawo tsakanin masu son littattafan zane da finafinan jarumai, wai Batman INTJ ne. Ana faɗin haka da gadara, kamar yadda likita ke faɗa wa mutum rukunin jininsa. Ni kuwa ina ganin wannan hukunci ba shi da tushe, kuma yana lalata karatun labarin da masu yanke shi ke cewa suna ƙauna.

Haruffan sun fito ne daga gwajin hali na Myers-Briggs, wanda wata Ba'amurkiya, Katharine Cook Briggs, da 'yarta Isabel Briggs Myers suka tsara, suna jingina da littafin da Carl Jung ya fitar a 1921 kan nau'o'in halin ɗan Adam. Gwajin yana auna mutum ta fuska huɗu: ko mai son kaɗaici ne ko mai son jama'a, ko yana dogara da abin da ido ya gani ko da hasashe, ko yana yanke hukunci da lissafi ko da zuciya, ko yana son komai a tsare ko yana barin al'amura a buɗe. Daga nan ake samun rukuni 16. INTJ shi ne mai kaɗaici, mai hangen nesa, mai lissafi, mai tsari. Da jin haka sai a ce, ai ga Batman nan sak, mutumin da ke zaune a kogo shi kaɗai yana ƙulla dabaru.

To, amma gwajin nan mutum ne ke zama ya amsa tambayoyi a kan kansa. Ko a kan masu rai ma masana ilimin halayya sun daɗe suna sukarsa, domin mutane da yawa in suka sake yin sa bayan 'yan makonni, wani rukuni daban suke faɗawa. Batman fa, wa ya amsa masa?

Kuma wane Batman ɗin? Wanda ya fara bayyana a 1939, a fitowa ta 27 ta mujallar Detective Comics, a watanninsa na farko yakan riƙe bindiga, kuma miyagu sun mutu a hannunsa. Da aka kawo masa yaron nan Robin a 1940, sai ya yi laushi, aka kuma hana shi kisa. A 1966 Adam West ya fito da shi a talabijin yana yawo da rana tsaka, yana yi wa Robin nasiha kan ladabi, har da tiƙar rawa. A 1986 Frank Miller ya mai da shi dattijo ɗan shekara 55, mai ɗacin rai, mai karya ƙasusuwa. Duk waɗannan Batman ne, babu na jabu a cikinsu. Wanda ake wa laƙabin INTJ yawanci na finafinan Christopher Nolan ne, na tsakanin 2005 da 2012, domin shi mutane suka fi gani. An ɗauki shekara bakwai an yanke wa shekara tamanin da 'yan kai hukunci ke nan.

Mun san irin wannan a gida. Gizo na tatsuniya a bakin wata kaka mai wayo ne da ke cin nasara, a bakin wata kuma kwaɗayi ne ke kai shi ya baro. Ba wanda ya taɓa neman a tsayar masa da hali ɗaya a rufe littafi.

Ko da mun yarda mu yi wasan, haruffan ba su zauna ba. Mai son kaɗaicin da ake magana ya tara marayu da 'ya'yan mutane a gidansa: Dick Grayson, Jason Todd, Tim Drake, ga ɗansa na cikinsa Damian, ga Alfred da ya rene shi yana dafa masa abinci yana ɗinke masa rauni. Harafin lissafi kuwa shi ya fi ba ni dariya. Yaro ne aka harbe masa uwa da uba, Thomas da Martha Wayne, a gaban idonsa, ya durƙusa a gefen gado ya yi rantsuwa zai ƙare rayuwarsa yana yaƙar miyagu, sannan ya girma bai saki rantsuwar ba. Attajiri mai lissafi da dukiyar Wayne a hannunsa ba zai ɗinka rigar jemage ya bi rufin gidaje da daddare ba. Joker ya kashe masa Jason Todd, ya harbi Barbara Gordon ta gurgunce, yana tserewa daga tsare yana sake kisa, amma Batman ya ƙi ya kashe shi. Duk wanda ya ƙirga gawawwakin ya san inda lissafi ya nuna. Abin da ke riƙe hannunsa alkawari ne da tsoron abin da zai zama in ya karya shi.

A nan ne ɓarnar take. Masu wannan gwaji sun ɗauka cewa da rukuninsa ake haihuwar mutum, wato hali zanen dutse. In muka ce Batman INTJ ne a wannan ma'ana, mun ce ko da iyayensa sun koma gida lafiya a wannan dare, haka zai kasance. Mun share daren ke nan, alhali labarin gaba ɗaya a kan daren aka gina shi. Shirunsa makoki ne da bai ƙare ba, kuma marubutan da suka fi iya shi sun nuna shi a matsayin rauni da ke korar masa mutanen da ke sonsa.

Za a ce ai nishaɗi ne kawai, me na ɗaga jijiyar wuya? Da a nan ya tsaya, da ban ce uffan ba. Amma sai ka ga saurayi ya yi gwajin a waya, ya fito INTJ, ya ji an ce ajinsu ɗaya da Batman, shi ke nan ya samu lasisi. Ba ya gaisuwa, ba ya zuwa ta'aziyya, in aka yi masa magana ya ce haka aka halicce shi, mutane ne ba sa gane masu zurfin tunani. Rashin kirki ya samu riga mai kyau. Har masu ɗaukar ma'aikata sukan fake da haruffan nan, duk da kamfanin da ke sayar da gwajin ya ce da bakinsa bai dace a yi amfani da shi wajen ɗaukar aiki ba.

Sannan laƙabin yana ɓoye hannayen da suka yi aikin. Mutuwar Jason Todd a 1988 ba daga halin kowa ta fito ba: kamfanin DC ne ya ba masu karatu lambobin tarho biyu, suka kaɗa ƙuri'a, masu son ya mutu suka yi rinjaye da ƙuri'a 72 kacal. Baƙin cikin da ya bi Batman shekaru bayan haka, wanda wasu ke kawowa hujjar sanyin zuciyarsa, daga wannan ƙuri'a ya faro. Bill Finger kuwa, wanda ya rubuta labarin kisan iyayen, ya ba shi sunan Bruce Wayne, ya raɗa wa birnin suna Gotham, ya rasu a 1974 ba tare da an amince da shi a matsayin wanda ya ƙirƙiri jarumin ba. Sunan Bob Kane kaɗai ake bugawa, sai a 2015 aka fara sa nasa a gefe.