Ra'ayinmu: Fushin 'Yan Kallo Da Inda Ya Kamata Ya Dosa

Mai yiwuwa ne wasu daga cikin masu karatunmu su yi mamakin ganin mun ba da wannan shafi ga wani wasa wanda ba a saba da shi a ƙasarmu ba, wanda kuma da yawa daga cikinmu ba su taɓa tsayawa sun kalla ba ko da a talabijin. Wasan shi ne ƙwallon da jami'o'in Amurka suke bugawa a tsakaninsu, wanda su can suke kira ƙwallon ƙafa, alhali kuwa da hannu aka fi yinsa. Ɗan'uwan zari-ruga ne, ana sa hular kwano ana karo kamar raguna. Dalilinmu shi ne, galibin masu kallon wannan wasa ɗalibai ne irinmu, da tsofaffin ɗalibai irin waɗanda za mu zama gobe, kuma abin da ya same su cikin 'yan shekarun nan ya isa a tsaya a duba.

Tun a 1869 jami'o'in Rutgers da Princeton suka yi karawar farko, kuma daga wancan lokaci abin ya yi ta girma har ya zama kamar sallar shekara ga garuruwa da yawa. Filin wasan Jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar mutum 107,601, watau kusan yawan mazauna garin da jami'ar take. Jami'o'in sun rarrabu rukuni-rukuni, da can bisa ga maƙwabtaka: akwai rukunin SEC na kudu maso gabas, da Big Ten na tsakiyar ƙasa, da ACC na bakin Tekun Atlantika, da Pac-12 na yamma. A cikin kowane rukuni akwai tsofaffin abokan hamayya, waɗanda ɗa yakan gaji ƙiyayyarsu daga ubansa kamar yadda yakan gaji gona.

Ba mu ga laifin wannan hamayya a karan kanta ba. Jami'ar Jihar Ohayo da ta Mishigan suna karawa tun 1897, kuma a makon wasan ɗaliban Ohayo sukan bi allunan makarantarsu suna liƙe harafin "M" duk inda suka gan shi, wasunsu ma ba sa ko kama sunan Mishigan da bakinsu. Wanda ya san wasan taubasai ko barkwancin da ke tsakanin garuruwa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Irin wannan tsokana ita ke ɗaure ɗalibi da makarantarsa, ita ke sa tsoho mai shekara saba'in ya dawo harabar da ya bari tun yana saurayi, ya kuma buɗe aljihunsa a gina ɗakin karatu.

To amma fa wasa yana da iyaka. A ƙarshen Nuwamba 2010 Jami'ar Auburn ta ci maƙwabciyarta Alabama 28 da 27, bayan da farko an yi mata 24 da nema. Ɗaliban Auburn suna da wasu tsofaffin itatuwa biyu a bakin harabarsu, inda sukan taru su yi murna duk ranar da suka yi nasara. Sai wani dattijo mai goyon bayan Alabama, wanda bai ma taɓa zama ɗalibinta ba, ya je ya zuba wa itatuwan nan guba, sa'an nan a Janairu 2011 ya buga waya gidan rediyo ya yi alfahari da abin da ya aikata. An yi ta fama a ceci itatuwan, bai yiwu ba, a 2013 aka sare su. Shi kuma aka ɗaure shi, aka ɗora masa diyyar kusan dala 800,000. A Oktoba 2024 ɗaliban Teksas suka yi ruwan robobin ruwa cikin fili saboda hukuncin alƙalin wasa a karawarsu da Jojiya. Abin takaici, kafin a gama kwashe tarkacen alƙalan suka sake shawara suka janye hukuncin, har wasu suka ɗauka jifa ce ta yi aiki. An ci jami'ar tarar dala 250,000. A ranar 30 ga Nuwamba ta wannan shekarar kuma Mishigan ta je har gida ta ci Ohayo 13 da 10, 'yan wasanta suka nemi kafa tutarsu a tsakiyar filin masu masauki, rikici ya kaure, sai da 'yan sanda suka fesa barkono kafin aka rabu. Kowace jami'a ta biya tarar dala 100,000.

Abin da ya biyo bayan wannan wasa shi ne ya fi nuna halin da ake ciki. Karo na huɗu ke nan a jere da Mishigan ta ci Ohayo, don haka magoya baya suka tashi haiƙan lalle a kori mai horar da 'yan wasansu, Ryan Day, har abin ya taɓa iyalinsa. Bayan mako bakwai, a ranar 20 ga Janairu 2025, shi wannan mutum ya kai su ga lashe kofin ƙasa baki ɗaya, suka ci Notre Dame 34 da 23. Da an bi ta masu ihu, da an kore shi ana saura wasa huɗu ya ɗauko kofi.

Duk wannan ɓangare ɗaya ne na labarin, kuma shi ne ɓangaren da jaridu suka fi son bugawa, domin yana nuna ɗan kallo a matsayin wawa. Mu kuwa muna ganin akwai fushin da yake da hujja, kuma shi ne ya kamata mu daɗe a kansa.

Shekara da shekaru Amurkawa ba su da wasan ƙarshe na fitar da gwani a tsakanin manyan jami'o'insu. 'Yan jarida da masu horar da 'yan wasa ne suke jefa ƙuri'a su ce wance ce zakara. A 1998 aka shigo da lissafin kwamfuta don zaɓen biyu da za su kara. A 2014 aka kafa wasannin sili-ɗaya-ƙwale na jami'o'i huɗu, aka kuma danƙa zaɓen huɗun nan a hannun wani kwamiti na mutum 13, waɗanda suke zama a wani otel a jihar Teksas, su rufe ƙofa, su fito da sunaye.

A ranar 3 ga Disamba 2023 wannan kwamiti ya yi abin da bai taɓa yi ba. Jami'ar Jihar Fulorida ta buga wasa 13 ta ci 13, ta kuma zama zakarar rukunin ACC. Kwamitin ya ajiye ta, ya ɗauki Teksas da Alabama, waɗanda kowaccensu an ci ta sau ɗaya. Dalilin da aka bayar shi ne, madugun 'yan wasan Fulorida, Jordan Travis, ya karye a ƙafa mako biyu kafin nan, don haka a ganin kwamitin ƙungiyar ba ta da ƙarfin da take da shi a da. Gaskiya ne ƙa'idojin kwamitin sun ba shi damar duba rashin wani babban ɗan wasa. Amma gaskiya ne kuma abokan wasansa sun ci sauran wasanni biyu ba tare da shi ba. Watau an ce wa yaran nan ku ci kowa, suka ci kowa, sa'an nan aka ce musu ai mun hango ba za ku iya ba. Shi kansa wanda ya karye sai da ya fito yana ba abokansa haƙuri, kamar shi ya zaɓi ƙafarsa ta karye.

Fushin da ya biyo baya ya wuce harabar jami'a. Gwamnan jihar ya nemi a ware dala miliyan 1 don kai ƙara, ofishin babbar lauyar jihar ya buɗe bincike. Magoya baya suka ce ba komai ya jawo haka ba illa kuɗi, tun da kamfanin talabijin na ESPN shi ke da iznin nuna wasannin kofin, shi ne kuma abokin cinikin rukunin SEC inda Alabama take. Babu wanda ya kawo shaidar cewa an sayi kwamitin, kuma ba za mu ce an saye shi ba. Masu kare shi sukan kafa hujja da cewa bayan haka Jojiya ta yi wa Fulorida 63 da 3. Wannan hujja ba ta gamsar da mu ba, domin da yawa daga cikin manyan 'yan wasan Fulorida sun ƙi buga wancan wasa bayan an hana su abin da suka yi wa gumi. Ko da ma sun buga an ci su, ai abin da ya faru daga baya ba ya wanke hukuncin da aka yanke tun kafin ya faru.

A nan ne maganar ta shafi masu karatunmu kai tsaye. Da yawa daga cikinku, musamman waɗanda suka riga suka kama aikin gwamnati, wata rana za ku zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata, ko na ƙarin girma, ko na ba da tallafin karatu. Za a kawo muku takardun mutum biyu: ɗaya ya cika duk sharuɗɗan da aka shimfiɗa, ɗaya bai cika ba amma ya fito daga gidan da aka sani, kuma kowa a ɗakin yana ji a ransa cewa shi ne ya fi cancanta. Jin nan na zuciya yana iya zama daidai. Amma ranar da aka bi shi aka bar abin da aka rubuta, to an gaya wa duk mai jiran layi a waje cewa ƙoƙarinsa ba shi ne ma'auni ba. Mutumin da aka gaya wa haka yakan daina ƙoƙari, ko kuma ya fara neman wanda zai tsaya masa.

Har wa yau akwai wani abin da aka yi wa 'yan kallon nan ba tare da an shawarce su ba. A 2022 rukunin Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar talabijin ta wajen dala biliyan 7 na shekara bakwai, kuma ƙamshin wannan kuɗi ya wargaza taswirar da aka gada. Manyan jami'o'i biyu na birnin Los Anjalis suka bar Pac-12 suka koma Big Ten, jami'o'in Oregon da Washinton suka bi su. A 2024 rukunin da sunansa ke nufin goma ya wayi gari da jami'a 18, shi kuwa Pac-12, wanda asalinsa ya koma 1915, aka bar shi da biyu rak. Stanford da Jami'ar Kalifoniya, waɗanda suke bakin Tekun Pasifik, suka shiga rukunin da ke ɗauke da sunan Tekun Atlantika. Jami'o'i biyu na jihar Oklahoma, masu karawa da juna tun 1904, suka yi wasan bankwana a 2023 saboda babbar ta koma SEC. Ɗalibin da a da yake cika mota da abokansa su je wasa a jihar maƙwabta, yanzu abokin karawarsa yana nesa da fiye da kilomita 3,500. Kuma ba 'yan ƙwallon nan kaɗai abin ya shafa ba: yarinya mai buga ƙwallon raga ita ma tilas ta kwana a jirgin sama tsakiyar mako ta dawo ta tarar da jarrabawa.

Shugabannin jami'o'i ne suka sa hannu a kan wannan, mutanen da aka ba amanar ilmi. Ga su nan sun wuce lafiya, alhali alƙalin wasa ya sha jifa, yaro ɗan shekara ashirin da ya kuskure bugu ɗaya ya sha zagi da barazana daga 'yan caca, itatuwa sun mutu. An bar jaki ana dukan taiki. Abin mamaki ma, magoya bayan jami'o'in kudu sukan tsaya a fili suna kirari da sunan rukuninsu, suna murna don maƙwabcin da suka tsana ya ci wani daga arewa, kamar su ne za a raba wa ribar.

Wasannin jami'o'inmu na Nijeriya, waɗanda aka fara a Ibadan a 1966, ba su kai inda kamfanonin talabijin za su yi rububinsu ba, kuma ba ma fatan su dawwama cikin rashin kulawar da suke ciki. Muna son a zuba musu kuɗi. Amma ra'ayinmu shi ne, duk ranar da mai kuɗi ya zo, ya kamata ya tarar ƙungiyoyin ɗalibai suna da kujera a inda ake yanke shawara, ya tarar an rubuta ƙa'idar fitar da gwani tun kafin a busa usur na farko, ya kuma tarar an amince cewa ɗan wasa ɗalibi ne mai aji da jarrabawa. Su Amurkawa sai a 2021 suka yarda ɗan wasan jami'a ya ci moriyar sunansa da hotonsa, sai kuma a 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyansa kai tsaye, bayan an shekara fiye da ɗari ana cika filaye da guminsa.

Game da kwamitin kuwa, yana nan daram. A 2024 aka faɗaɗa wasannin zuwa jami'a 12, aka ware gurbi biyar ga zakarun rukunoni, sauran bakwai aka bar wa kwamitin. Aka ce yanzu gardama ta ƙare. A Disamba ta wannan shekarar kwamitin ya ba jami'ar SMU ta birnin Dalas gurbi na ƙarshe, ya ajiye Alabama, wadda aka ci sau uku. Magoya bayan Alabama, waɗanda shekara guda kafin nan suke gaya wa mutanen Fulorida su yi haƙuri domin kwamiti ya san aikinsa, su ne suka fi kowa ɗaga murya cewa an zalunce su.