Poka Ta Zama Lissafin Kwamfuta: Me Ya Rage Wa Mai Waya?

A watan Janairun 2017, wata manhaja mai suna Libratus daga Jami'ar Carnegie Mellon ta kara da ƙwararrun 'yan poka huɗu a birnin Pittsburgh na Amurka. Kwana 20 aka yi, an raba kati sau 120,000, manhajar ta lallasa su. Ni da nake rubuta manhaja, abin da ya ja hankalina shi ne lissafin da ke ciki.

Ga misali. Mutum biyu, kowa yana da 100. Kafin a buɗe ko kati ɗaya a tsakiya, wannan ya ƙara kuɗi, wancan ya ƙara a kai, na farkon ya sake ƙarawa, har kowa ya zuba 22. Tsakiya akwai 44, kowa saura 78. Sai a buɗe katuna uku na farko: A, 7, 2.

Da yawa za su ɗauka nan ne wurin zuba kuɗi mai yawa don a tsorata abokin wasa. Manhajojin lissafi irin su PioSOLVER sun nuna akasin haka: wanda ya yi ƙarin ƙarshe ya zuba kaɗan, kamar 11, kuma ya yi hakan da kusan duk katin da zai iya riƙewa. Dalili kuwa, shi ake kyautata zaton yana da AA ko AK. Idan burga yake yi, ya kasadar da 11 ne don ya ci 44, ke nan ko sau 1 cikin 5 abokin ya janye, bai faɗi ba. Idan kuma katinsa na da ƙarfi aka biyo shi, tsakiya ta zama 66, saura 67 a hannunsa, zubi ɗaya ya kwashe komai.

To ga inda gizo ke saƙa. Wannan lissafin, kwamfuta ta fi ka iya shi nesa ba kusa ba. A 2019 Pluribus, aikin Facebook da Carnegie Mellon, ta doke ƙwararru a teburin mutum shida, kuma horar da ita bai wuce kimanin dala 150 ba. Masu ita sun ƙi sakin lambobin manhajar, don gudun kada a cuci masu wasa a intanet.

Saboda haka idan talla ta faɗo maka a waya cewa poka basira ce ba caca ba, tambayi kanka: wa ke ɗaya ɓangaren? Ba ka ganin fuskarsa, ba ka san me ya buɗe a ɗaya allon ba.

Shawarata, ɗauki lissafin ka bar teburin. Zauna ka rubuta ƙaramar manhaja da Python wadda za ta lissafa misalin nan na 11 da 44. Abin da za ka koya zai yi maka amfani a wurin aiki, kuɗin datarka kuma suna aljihunka.