Sharhi: Yadda Talaka Ya Samu Fansho da Asibiti Kyauta

Sharhinmu na yau ya waiwayi asalin tsarin da gwamnati ke ɗaukar nauyin majinyaci da tsoho da wanda ya rasa aiki.

A Jamus aka kafa tubalin, a hannun Bismarck, shugaban gwamnatin da ba a san shi da taushin zuciya ba. A 1878 ya sa aka haramta ƙungiyoyin 'yan gurguzu, amma leburorin masana'antu suka ƙi juya musu baya. Da ya ga ƙarfi bai biya buƙata ba, sai ya koma lallashi. A 1883 ya kawo inshorar lafiya, ma'aikaci na biyan kashi biyu bisa uku, mai kamfani sauran. A 1884 aka ƙara diyyar rauni a wurin aiki. A 1889 fansho ya biyo baya, amma sai mutum ya cika shekara 70, shekarun da leburori kaɗan ke kaiwa a wancan zamani. Tsoron tawaye ne ya buɗe bakin aljihun.

Amurka ma sai da kasuwa ta rushe a 1929, har kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ma'aikata suka zauna babu aiki, kafin Shugaba Roosevelt ya sa hannu kan dokar fansho da tallafin rashin aiki a 1935. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Labarin Birtaniya ya fi ɗaukar hankali. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942, rahoton wani masani mai suna Beveridge ya lissafa abokan gaba biyar: fatara, cuta, jahilci, ƙazantar muhalli da zaman banza. A zaɓen 1945 jama'a suka kayar da Churchill, gwarzon yaƙin, suka ɗora jam'iyyar Leba da ta yi alkawarin aiwatar da rahoton. Ranar 5 ga Yuli, 1948, aka fara duba kowa kyauta a asibiti, alhali bashi ya yi wa ƙasar katutu, abinci ma da kati ake rabonsa.

Saboda haka, idan shugaba ya ce a yi haƙuri sai ƙasa ta yi arziki, a tuna masa halin da Birtaniya ke ciki a 1948. Abin da ya yi aiki a ƙasashen nan shi ne haɗin kan ma'aikata, da ƙuri'ar da ake ƙirgawa da gaskiya, da harajin da mai biya ke bin diddiginsa.

Mu kwana nan, sai a sharhi na gaba.