Makulli Kafin Magariba

A kowace shekara, idan babban hutu ya kawo ƙarshe, sai titunan Maraɗi da Damagaram da Tawa su cika da amalanke da kura da ƙananan motocin kaya, ɗauke da katifu da tukwane da akwatunan littattafai. Yawancin masu kayan nan malaman makaranta ne da aka canza wa wurin aiki. Ana kallon su ana cewa ba su iya shiri ba, sun bari sai ranar ƙarshe suna gudu kamar gobara ta tashi. Wannan zargi zalunci ne. Malami ba shi ya zaɓi ranar ba: ofis ne ya yanke masa rana, mai gida ya yanke masa sa'a, damina kuma ta yi nata hukuncin, alhali babu ɗaya daga cikin ukun da ya tuntuɓi ɗan'uwansa.

A fara da ofis. Makarantun Nijar sun saba buɗewa a farkon Oktoba, amma sau da yawa takardar canjin wurin aiki, wadda malamai ke kira afektasiyo, ba ta isa hannun mai ita sai a watan Satumba. Daga Yamai zuwa Maraɗi tafiya ce ta sama da kilomita 600 a kan babbar hanya mai lamba 1, daga Maraɗi zuwa Damagaram kuma sama da 200. Wanda aka tura ƙauyen da ke nesa da kwalta, wahalarsa tana farawa ne inda kwaltar ta ƙare. Cikin ƴan makonni ake son ya je ya ga garin, ya sami gida, ya biya kuɗin wata biyu ko uku a gaba, ya karɓi takardun ƴaƴansa daga tsohuwar makarantarsu, ya nemi mota, sannan ya tsaya gaban allo ranar buɗewa. Mafi yawan malaman nan ƴan kwantiragi ne, ɗan abin da suke samu bai cika zuwa a kan lokaci ba. Da wane kuɗi za a biya haya biyu a wata guda?

Sai mai gida. A wurinsa wata yana ƙarewa ranar 30 ko 31, kuma kafin magariba yana son makullinsa, domin ya riga ya karɓi kuɗin wani. Sabon ɗan haya yana ƙofar gida da kayansa, tsohon yana ciki bai gama kwance gado ba. Wanda bai taɓa tashi da iyali ba yana zaton aikin yini ɗaya ne. Jeren uwargida kaɗai, kwanuka da tasoshi da tangaran da aka kawo tun ranar aure, yana cin yini kafin a naɗe shi cikin tsumma a jera a kwali. Randa ba ta son gaggawa. Ga turmi, ga buhunan hatsi, ga awaki da kaji. Direban da ya yi alkawarin zuwa bayan asuba yakan iso da azahar, saboda ya tsaya neman wani kaya da zai cika motarsa. Daga nan sai a shiga hanya da dare, da mata da yara, abin da duk mai hankali yake gudu.

Damina kuwa ba ta karanta takardar kowa. Ƙarshen Agusta da Satumba lokaci ne da korama ke yanke hanya, katifa kuma ta jiƙe a bayan mota. A shekarar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Damagaram ma ya rushe. Gwamnati ta ɗage buɗe makarantu daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Wannan ya nuna cewa kalandar hukuma tana lanƙwasuwa idan an ga dalili. Me zai hana a ga dalilin tun kafin ruwa ya ci gari?

Masu gidaje suna da tasu hujjar, kuma ba a raina ta ba. Akwai ɗan hayar da ke sulalewa cikin dare, ya bar bashin wata uku, da takardar wuta da ta ruwa, da ƙofa a ɓalle. Akwai gwauruwar da hayar ɗaki biyu ce abincin marayunta. Kwana uku na gida babu kowa asara ce a gare ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai maganin mai gudun dare shi ne rubutu da shaida. Tun 1996 Nijar ta kafa doka a kan hayar gidaje, amma a unguwanni da dama har yau da baki ake shiga gida, da baki ake fita. Inda babu takarda, mai ƙarfi ne ke faɗin ranar tashi, kuma mai gaskiya ne ke biyan laifin maƙaryaci.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Ma'aikatar ilimi ta fitar da canje-canje tare da rufe makarantu, malami ya tafi hutu ya san inda ya nufa, ya zaɓi ranar da babu hadari. Mai gida da ɗan haya su rubuta sanarwar wata guda a gaban mai unguwa, kowa ya riƙe kofi. A bar kwana uku tsakanin fitar wani da shigar wani, a lissafa kuɗinsu tun ranar ƙulla haya. Ranar miƙa makulli a tsaya tare da safe, a karanta mitar wuta da ta ruwa, a duba ƙofofi da tagogi, a sa hannu. Ƙungiyoyin malamai, waɗanda suka iya haɗa kai kan albashi, za su iya buga irin wannan takarda da Hausa da Faransanci su raba wa ƴan'uwansu, su kuma haɗa malaman da hanyarsu ta zo ɗaya a mota guda.

Akwai kuma abin da gaggawa ke cinyewa wanda ba ya shiga lissafi. A al'adar Bahaushe, mai tashi yana bin maƙwabta gida gida, ya yi sallama, ya nemi gafara, ya biya ɗan bashin mai tebur, matan unguwa su zo su taya ɗaurin kaya. Malamin da ya shekara biyar yana koyar da ƴaƴan unguwa ya cancanci wannan yinin. Idan aka fitar da shi kamar wanda aka kora, ɗalibansa suna tsaye a bakin hanya suna kallo, kuma darasin da za su ɗauka game da darajar mai ilimi ba ya gogewa da tsumman allo.